Gita mai ado ko mara ado: wacce ta fi amo?

"Baba, ina gaisuwa. Ni malamin makaranta ne a Tawa, shekara biyu ke nan ina koyon gita da ta aro. Yanzu na tara 'yan kuɗi, na zo Yamai hutu na ga guda biyu, duk ba na lantarki ba. Ɗaya sabuwa ce fil, shuɗiya, tana sheƙi kamar madubi, an yi mata zanen furanni a wuya da kewayen baki, makullanta na ɗaure tsirkiya ruwan zinari, jika 70, wato sefa dubu 70. Ɗayar Yamaha ce ta hannu, launin itace kawai, har da ƙarzuwa a gefe, mai ita ya ce jika 85 ba ragi. Abokaina duk sun ce in ɗauki shuɗiyar, wai ko a hoto ta fi fita. Shin ado yana ƙara wa gita amo ne, ko rage mata yake yi? Kuma mai burin hawa dandali wata rana, ba kyan gani ya kamata ya sa gaba ba?"

Ɗana, ina amsawa, Allah ya yi albarka. Tambaya biyu ka ƙulla wuri ɗaya. Ta farko ta kunne ce: ko furanni da sheƙi da ruwan zinari suna taɓa muryar gita. Ta biyu ta idon jama'a ce: ko makaɗi zai iya kau da kai daga kyan kayan aikinsa alhali a gaban mutane zai tsaya. Ban riƙe gitocin nan biyu a hannuna ba, ba kuma zan yi maka cinikin biri a sama ba. Amma na haura shekara ashirin ina gyaran gita a ɗan shagona nan Yamai, kafin nan na yi kiɗan biki har yatsuna suka yi kanta, kuma irin shuɗiyar da ka kwatanta ta sha kwana a kan teburina. Zan nuna maka abin da za ka duba, sannan in faɗi wadda zan ɗauka da a ce kuɗin nawa ne.

Inda amo yake fitowa

Ka ɗauki gurmi ko goge ka duba. Tsirkiya ita kaɗai ba ta da wata murya. In ka ɗaure ta tsakanin ƙusa biyu a bango ka kaɗa, da ƙyar na kusa da kai zai ji. Jaki, ɗan itacen nan da tsirkiya ke hawa kansa, shi ne yake karɓar rawarta ya miƙa wa fata, fata ta girgiza iska, ƙwarya ta tara amon ta fitar. Gita ma haka take, sai dai a madadin fata an shimfiɗa mata katako siriri, wanda nake kira fuska. A gita mai kyau kaurin fuskar nan bai cika wuce milimita 3 ba. A ƙarƙashinta an manna 'yan sanduna da aka sassaƙa don kada ta lotsa, domin tsirkiyoyin ƙarfe shida in an ɗaure su daidai suna jan abin da ya kai kilo 70. Duk gwanintar masassaƙin gita a nan take: fuska ta yi ƙarfin jure wannan ja, ta kuma yi rashin nauyin da ɗan taɓi zai sa ta rawa.

Wani masassaƙi ɗan ƙasar Sifen, Antonio de Torres, wanda kusan duk gitar zamani mai tsirkiyar roba a kan zubinsa take, ya nuna haka tun 1862. Ya yi wa wata gita fuska da katako mai kyau, bayanta da gefunanta kuwa da takarda mai kauri irin ta kwali ya yi su, kuma ta yi amo. Tana nan har yau a gidan tarihin kayan kiɗa na Barsalona.

To daga nan amsar rabin tambayarka ta fito. Adon da ke wuya, ko a kai wajen makullai, ko a kewayen gefe, ba ya ƙara komai, ba ya rage wani abin da kunnenka zai kama. Adon da aka ɗora a fuska kuwa nauyi ne, kuma fuska ba ta yafe nauyi. Ka tuna ɗan danƙon nan da masu taushi da kotso ke shafawa a tsakiyar fata: bai fi kan yatsa ba, amma shi ke sauya muryar gangar. Ka kuma dubi anzad, gogen matan Buzaye, a arewacin jiharku. Fatarta cike take da zane, ja da kore, amma rini ne da ya shiga jikin fata, ba wani abu da aka laɓta a kai. Mutanenmu sun daɗe da sanin adon da ke danne murya da wanda ba ruwansa da ita.

Shafen sheƙi shi ne babban abin lura. A gita ta kirki kaurinsa kamar takarda ɗaya ne ko biyu. A masu araha ana zuba wani ruwan roba mai kauri wanda in ya bushe yakan kai kaurin farce, don ya fi saurin aiki, ya fi ɗaukar ido, yana kuma cike duk wani rami da kurajen katako. Wannan sheƙin kamar madubi da ya burge abokanka, sau da yawa shi ne bargon da aka lulluɓa wa muryar. Launi shi kansa ba shi da laifi, na ji baƙaƙen gitoci masu zaƙi ƙwarai. Sai dai fenti mai rufe itace yana ba mai ƙira damar ɓoye abin da ya sa a ƙasa. Mai launin itace ba ta da wurin ɓuya.

Daga aljihun wa aka biya adon?

Nan ne mutane ke ruɗewa, domin sun ga manyan gitoci masu tsada suna da ado, sai su ɗauka ado alamar nagarta ne. Bari mu dubi kamfanin Martin na Amurka, wanda ya fara aiki tun 1833. Suna da D-18, kusan tsirara, bayanta na itace dangin maɗacinmu. Suna da D-28, ado kaɗan. Suna kuma da D-45, wadda aka zagaye duk gefunanta da ɓawon katantanwar teku mai walƙiya; an fara yin ta a 1933, kuma zuwa 1942 da yaƙi ya tsayar da ita guda 91 kacal aka yi, sai a 1968 aka dawo da ita. D-28 da D-45 girmansu ɗaya, irin itacensu ɗaya, akwai ɗan bambanci a sassaƙar ciki da zaɓen katako, amma kuɗin ta biyun kusan ninki uku ne. Mafi yawan wannan ƙarin ladan hannun da ya zauna yana yanka ɓawo ƙanana yana jerawa ne, da kyan zanen katako. Zaɓen katakon ma galibi da ido ake yinsa: wanda layinsa ya miƙe ba tabo shi ne na sama, alhali mai tabon yana iya fin sa murya. Manyan makaɗa da yawa sun ƙare rayuwarsu da D-18 da D-28 ba su ji sun rasa komai ba.

Abin da nake so ka riƙe: a irin waɗannan, an gama biyan kuɗin amo tukuna, sannan aka ɗora ado a sama, mai saye ya biya dabam. A gitar jika 70 ba haka lissafin yake ba. Ka cire ribar ɗan kasuwa, ka cire kuɗin jirgin ruwa da na mota daga bakin teku zuwa Yamai da na kwastan, abin da ya rage wa mai ƙira kaɗan ne, kuma cikin wannan kaɗan ɗin ne aka yi furanni da ruwan zinari. Wani abu dole ya biya, kuma abin da ba a gani ne yake biya: katakon da bai gama bushewa ba, gam mara ƙarfi, makullai masu santsi, sandunan ciki da aka manna ba sassaƙa. Hausawa sun ce araha ba ta ado. In ka ga ta yi, ka tambayi inda ta samo kuɗin.

Bara waccan wani yaro ya kawo mini irinta, ja ce ita, da tsuntsaye a wuya. Wata huɗu da saye jakinta ya ɗaga. Da na cire shi, sai ga jan fenti manne a ƙarƙashinsa kamar ɓawon ƙwai. Ashe a kan fentin aka manna jakin, gam bai taɓa itace ba ko kaɗan, kilo 70 yana rataye a jikin sheƙi. Na kankare wurin, na tarar da katako mai falle uku, na tsakiyar fari fat mai laushi har farce na shiga. Tsuntsayen kuwa takardar roba ce aka liƙa aka bi da shafe. Na gyara masa, tana kiɗa har yanzu, amma kuɗin gyara da na sababbin makullai sun cinye rarar da ya ga ya samu.

Ido yakan riga kunne

Muna cewa gani ya kori ji. A sayen kayan kiɗa wannan karin maganar tana aiki fiye da yadda ake so, domin ido yana gaya wa kunne abin da zai ji. A 2018 masana a jami'ar Lankasta ta Ingila suka fitar da sakamakon wani gwaji. Mai ƙira ɗaya ya yi gita shida zubi ɗaya, fuska iri ɗaya, bambancinsu itacen baya da gefe kawai, daga mafi tsada zuwa na gama-gari. Aka kawo makaɗa 52, aka rage hasken ɗaki, aka sa musu tabarau irin na masu walda don kada su gane itacen. Makin da suka ba gitocin ya zo kusan ɗaya, kuma da aka nemi su bambance wannan da waccan da kunne da hannu kawai, abin ya yi musu wuya. In itacen da ake kashe dukiya a kansa ya ɓace haka da zarar an rufe ido, ina ga furen wuya?

Ni ma na taɓa yin nawa a ƙofar shago, ba da tabarau ba. Muna fada da dare ana jiran shayi na biyu, na sa mutum biyar suka juya baya, na kaɗa gita uku bi da bi, kiɗa ɗaya, sababbin tsirkiyoyi iri ɗaya. Huɗu suka zaɓi wata tsohuwa da aka bar mini jingina, wadda gumin hannu ya cinye shafenta har itace ya yi baƙi. Da suka juyo suka gan ta, ɗaya ya rantse ba ita na kaɗa ba. Sai da na maimaita a gabansa.

Kada ka ɗauka ina cewa duk mara ado ta fi. Na riƙe marasa ado da muryarsu kamar ana buga kwali, na kuma gyara wata mai ado ta wani baƙo da ya zo wasa Yamai, wadda har yau ban ji irin zaƙinta ba. Irin waɗannan masu tsadar ba su fi a ƙirga ba da suka ratsa hannuna, don haka hukuncina ya fi ƙarfi a kan gitocin da ke yawo a kasuwanninmu. Kuma ni kaina na taɓa wuce gona da iri: ina sabon shiga na kankare wa wata gita sheƙinta duka da takardar yashi, wai in buɗe mata murya. Ta ɗan buɗe kuwa, amma na ci itacen a wani gefe, hunturu na zuwa ta tsage. Kada wani ya ba ka wannan shawarar ka ɗauka.

Abin da hunturu ke yi

Akwai alƙalin da masu rubutu daga ƙasashen sanyi ba su san zafinsa ba. Kamfanonin gita suna ƙera ta ne a ɗakin da danshin iska ke tsakanin kashi 45 da 55 cikin ɗari. A Yamai da Tawa, daga tsakiyar hunturu zuwa bazara, yakan faɗi ƙasa da 20, damina ta zo ya haura 70. Itace yana tsukewa yana kumbura da wannan, roba da ɓawo da fenti mai kauri ba sa bin sa daidai. Shi ya sa a watan Maris teburina ke cika: zaren adon gefe ya ɓamɓare, fure ya ɗago yana kama yatsa, sheƙi ya tsattsage kamar ƙasan tafki da rani, bakin ƙarafunan wuya ya fito yana yankar tafin hannu. Duk inda aka haɗa abu biyu masu hali dabam, nan ne ƙofar da rani zai shiga, kuma mai ado ta fi yawan ƙofofi. Ruwan zinarin makullai kuwa gumi da ƙura suke cinye shi. Shekara ɗaya ya koma dabbare-dabbare, ya fi farin ƙarfe muni.

Amma a nan akwai abin da zai ba ka mamaki. Fuskar katako guda, wadda ta fi zaƙi, ita ce ta fi saurin tsagewa a ƙasarmu. Mai falle-falle da aka manne ta fi jure wahala, ko da muryarta ba ta kai ba. Yamaha suna yin duka biyu: F310 mai falle ce, FG800 katako guda ce. Falle na kamfanin da ya san aikinsa ba abin raini ba ne, siriri ne, shafensa ma siriri, kuma ga wanda zai riƙa ɗaukar gita a bayan babur daga makaranta zuwa fada a Tawa, wataƙila ita ce daidai. In kuwa katako guda ce, sai ka nemi jakarta, ka sa soso mai ɗan danshi cikin gidan sabulu mai huji ka ajiye a ciki duk rani, kada ruwa ya taɓa itacen.

Maganar dandali

Abokanka ba su yi ƙarya ba gaba ɗaya. Biki a Yamai yau rabinsa a waya ake kallonsa, uwar amarya kuma tana so ta ga kuɗinta a jikin makaɗa. Na taɓa rasa aiki don ƙungiyar da aka ɗauka ta fi mu kaya masu ɗaukar ido, ba don ta fi mu hannu ba. Akwai kuma wani abu da masu gyara irina ba mu cika son yarda da shi ba: gitar da kake jin daɗin kallonta ita za ka riƙa ɗauka kullum, kuma wadda ake ɗauka kullum ita ke koya wa mutum kiɗa. Son kyau ba wauta ba ne.

Sai dai ranar da za ka hau dandalin biki ba ɗaya daga cikin biyun nan za ka riƙe ba. Ta lantarki za ka riƙe, kuma a can lissafin ya sauya: maganaɗisun da ke ƙarƙashin tsirkiya, wanda muke kira mikro, da ampili mai ƙara sauti da yatsunka su ke yin muryar, fenti ba ruwansa. A can ka zaɓi launin da ranka ke so, ba mai hana ka, in dai wuya ya miƙe, makullai suna riƙe saiti, mikro ba ya gurnani in an tada injin wuta. Kamfanin Gibson na Amurka ma a 1954 sun fitar da gitar lantarki Les Paul Junior, allo ɗaya da mikro ɗaya don masu koyo, ga shi yau manyan makaɗa ke neman ta ruwa a jallo. Kuma kai ɗan jihar Tawa ba sai an kai ka Amurka ba: Mdou Moctar, wanda yanzu yake zagaya duniya, gitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta, da wayar birkin keke a madadin tsirkiya.

Wadda za ka saya yanzu ta ɗaki ce da fada, ta koyo ce, kunnenka za ta yi wa tarbiyya. In kana son ado, ƙasarku ta Adar ba ta rasa dukawa ba. Ka sa a ɗinka maka maratayin fata mai tuntaye da zane ja da kore, ka rataye ta da shi, ka sa shadda. A hoto wannan ya fi furen roba fita, kuma ko ɗigo bai taɓa fuskar gitar ba.

In ka koma wurin masu su

Da kuɗina ne, Yamaha zan ɗauka, amma sai ta ci jarrabawa, domin ta hannu tana da nata ciwon, kuma sunan da ke rubuce a kai shi ne ado mafi araha da ake iya ƙirƙira. Ka haska fitilar waya ta bakin, ka karanta takardar da ke ciki, ka ga ko aikin ciki tsaf yake ko gam ya zubo ko'ina. Ka dubi kaurin katakon a leɓen bakin: in layin itace ya gangaro daga sama har ƙasa, guda ce, in ka ga hawa-hawa, falle ce. Ka ɗaga ta kamar mai saita bindiga, ka bi wuyan da ido daga kai, kada ya murɗe. A ƙarfe na 12 cikin ƙarafunan wuya, in ka ƙirga daga kai, tazarar tsirkiya mai kauri daga ƙarfen kada ta wuce milimita 3, wato tsinken ashana ya shiga da ɗan sarari kaɗan. In yatsa na neman shiga, ka ajiye ta ko nawa aka rage. Ka gwada zura takarda a bayan jaki, in ta shige, ya fara ɗagawa. Ka sa manhajar saiti a wayarka, ka kaɗa kowace tsirkiya a sake, ka kuma danne ta a ƙarfe na 12, allurar ta tsaya wuri ɗaya ko kusa. Ƙarzuwar gefe kada ta dame ka, ita ce ma hujjarka ta neman ragi. Tsaga a fuska ita ce abin tsoro.

Ka yi wa shuɗiyar wannan jarrabawar ita ma, kada ka zalunce ta saboda maganata. Sannan ka tafi da wanda ya iya kiɗa, ka juya baya, ya kaɗa maka su yana sauyawa ba tare da ya faɗa ba. Ka lura da tsirkiyoyi: tsofaffi masu tsatsa suna dusashe gita mai kyau, sababbi suna ara wa mara kyau ƙyalli na sati biyu, don haka in na Yamahar sun tsufa ka sayi sababbi a sa kafin ka yanke hukunci. Kada ka saurari ƙara kawai. Ka kaɗa ɗaya ka ƙirga daƙiƙa nawa amon ke ɗauka kafin ya mutu, ka kuma kaɗa a hankali ƙwarai ka ji ko tana amsawa. Mai bargon sheƙi sai an doke ta take magana.

Kowacce ka ɗauka, ranar komawa Tawa ka sassauta tsirkiyoyin kaɗan, kada ka yarda yaran tasha su jefa ta cikin kaya ko su ɗaure ta a sama rana na dukanta, domin zafi yana narkar da gam. Ka riƙe ta tsakanin ƙafafunka ko da za a ce ka biya mata wani abu. In ka sami sarari kafin tafiya, ka biyo da ita shago in rage mata tsayin jaki in ya yi yawa, aikin rabin awa ne.